Sarauniya a Ɗakin Albasa

Ɗana ya karɓe mini katin laburare ina da shekara sittin da ɗaya, kuma ban ga dalilin da zai sa in sassauta maganar ba. Bai ɗaga murya ba, bai yi mini rashin kunya ba. Tafin hannunsa ya buɗe a kan tebur, ni kuma na ɗora masa. Wannan ɗorawar da na yi da hannuna ita ta fi ci mini rai.

Shi ne ɗana na fari. A wajenmu, can ƙasar Malumfashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta jan magana da shi. Haka na taso na gani, haka na yi. Na haye teku da wannan kunya a jikina, kuma a Amurka ban tarar da wanda ya ce in sauke ta ba. Shi kansa ta yi masa amfani.

Gidansa a Pleasant Garden yake, kudu da Greensboro. Duk wanda na tura wa hoton gidan a waya sai ya ce, Mama kin huta. Fili ga shi nan, ciyawa kore shar, dogayen itatuwa, barewa na shigowa har bayan kicin. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne titin ba shi da gefen da mai ƙafa zai bi, kuma bas ba ta zuwa. A watana na biyu na gwada fita da ƙafa. Ban yi nisa ba wata mota ta tsaya, wani Bature ya leƙo yana tambayata ko lafiya, ko na ɓata. A wurin nan in an ga mutum yana tafiya a ƙasa, ɗauka ake wani abu ya same shi. Na juyo gida. Ni da na yi shekara talatin ina kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwanni uku da ƙafata, yau ga ni ba na iya zuwa sayen gishiri sai an ɗauke ni.

Raino ya kawo ni. Surukata nas ce a asibiti, shi kuma aikin kwamfuta yake yi a cikin gari. Su fita da safe, a bar ni da jikata da ƙarar firji.

Ban shiga aji ba sai bayan mijina ya rasu, ina da arba'in da shida, a ajin manya na cocinmu can gida. Malaminmu ya koya mana mu sa yatsa a ƙarƙashin layi mu faɗi kalma da ƙarfi, duk aji a tare. Haka na koya, kuma ban taɓa iya canzawa ba. In bakina bai furta kalma ba, kaina ba ya jin ta. Masu karatu baki a rufe, ido kawai na yawo, har yau mamaki suke ba ni.

Talata ce ranar hutun surukata, don haka Talata ta zama tawa. Ɗana ya sauke ni a laburaren da ke wajen unguwar Glenwood, cikin gari, in zai wuce aiki, ita kuma ta zo ta ɗauke ni da tsakar rana. Akwai ajin Turanci na manya a can, mu tara, daga ƙasashe shida, kowa da irin tasa karyayyar magana. Nakan isa kafin a buɗe ƙofa, in zauna a benci in yi ta kallon bas na tsayawa tana tashi, 'yan jami'a na wucewa a kekuna, wata tsohuwa na jan kwandon cefanenta ita kaɗai, ba wanda ya tambaye ta ko ta ɓata. Awa huɗu a mako. Ita ke nan Amurkata.

Malamar ajinmu ce ta ce kowa ya je ya zaɓi littafin da ransa ya so, kada ya tambayi kowa. Na ɗauko wani mai bango rawaya da hoton hular sarauta a karkace. Na zaci tarihin sarakunan Turawa ne na da, zamanin takubba da ganuwa. To, ganuwa akwai ta. Amma labarin wani matashin sarki ne da aka naɗa ba ya so, mai bala'in tsoron dinya, da kuma mutumin da ke kiwon dinyoyin fada. Ban kai shafi na talatin ba na gane inda aka dosa, soyayya ce tsakanin mazan biyu. Na rufe littafin, na yi addu'a, na tura shi ƙarƙashin katifa. Washegari na ciro shi, domin an bar sarki a kan bishiya da dinya uku a gindinta, kuma ina son in san yadda ya sauko.

Na karanta irinsa guda shida a shekara ɗaya. Ba zan yi ƙarya in ce don koyon Turanci kawai nake yi ba.

Dalili na farko dai, na san gidan. Duk mutanen cikin littattafan nan a kulle suke. Suna da abinci, suna da gado mai laushi, kowa a waje cewa yake sun huta, amma ba mai fita ƙofar ganuwa sai da izini da rakiya. Kowa yana da aikin da aka haife shi don ya yi. Na biyu, dariya suke ba ni. Ni ban taɓa sanin ana rubuta abin dariya a littafi ba, na ɗauka takarda ta gargaɗi ce da lissafi. Ranar da na fara ƙyalƙyala dariya ni kaɗai a ɗaki har jikata ta farka, sai da na tsorata da muryata.

Na uku shi ne wanda ban iya gaya wa kowa ba. Na gwada na soyayyar mace da namiji, guda biyu, ban gama ko ɗaya ba. Ko ya durƙusa mata, ko ya kawo mata fure, ni na san abin da ke bayan shafin ƙarshe. Na san wanda zai tashi ya ɗora ruwa. Na yi auren shekara ashirin da bakwai da mutumin kirki, kuma ko sau ɗaya ba mu zauna mun tattauna wa zai yi me ba, an riga an raba mana tun kafin a haife mu. Amma in mata biyu ne, ko maza biyu, ba wanda ya shigo da rabonsa a rubuce. Dole su tambayi juna. Wannan tambayar nake bi shafi-shafi da yatsana. Ban ce na warware maganar tsakanina da Ubangiji ba. Ina zuwa sujada, ina addu'ata, kuma na san abin da ake wa'azi. Na dai faɗi abin da ya riƙe ni.

Littafi na bakwai shi ya jawo mini. Labarin wata sarauniya ne, gwauruwa, ta haura hamsin, ɗanta ya hau gadon sarauta ya mai da ita can wani ɓangaren fada inda ba ta da aiki sai saƙa. Da kuma matar da ke riƙe da makullan rumbun fada, mai baƙin rowa da kaifin baki. Faɗansu na farko a kan albasa ne. Sarauniya ta aika a ba ta albasa biyu, mai makulli ta aiko da ɗaya, ta ce ko sarauniya ce baki ɗaya gare ta. Babi goma sha bakwai suna wannan tsiya, ni kuma ina biye da su.

Wata ranar Asabar, zumuntar matan cocinmu a gidanmu ta faɗo, domin zagayawa ake gida-gida. Mata goma sha biyu suka cika falo, da uwar zumunta a tsakiya, wata babbar mace mai gida a Sedgefield kusa da filin da Turawa ke buga ƙwallon sanda. An yi waƙa, an ci shinkafa. Wajen ƙarfe uku jikata ta fara rigimar barci, na ce su ci gaba, ni zan hau da ita. Na kwantar da ita, ta yi barci, na ga babu dalilin saurin sauka. Na ciro littafina daga aljihun jakar kayanta, na zauna a kujerar gefen gadon.

Akwai wata 'yar na'ura a kan durowar ɗakin, monita suke ce mata, mai kai kukan yaro ƙasa. Na san da ita. Kullum ina ganinta. Amma a ranakun mako ni kaɗai ce a gidan, abokiyarta da ke ƙasa ba ta da wanda za ta gaya wa komai, har na daina lissafa ta cikin masu kunne. A ranar kuwa, surukata ta ɗora abokiyar a teburin falo, kusa da farantin cincin, ta ƙure ƙarar don kada waƙa ta hana ta jin yarinya.

A ƙasa an shiga addu'ar shiru, kowa kai a sunkuye. A sama ni kuma na kai babi na goma sha takwas, inda iska ta rufe ƙofar ɗakin albasa da su biyun a ciki. Ina karantawa da Turancina, kalma bayan kalma, yadda aka koya mini. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma ni in labari ya kama ni, magana nake da mutanen ciki, kuma da Hausa nake yi.

"Ke ma dai kin cika taurin kai," na ce wa mai makulli. "Babi nawa tana zagayen ki?"

Na ƙara layi uku.

"To matsa kusa mana. Albasar za ta gudu ne?"

Na ƙara layi biyu, aka yi abin da ake jira, na ce, "Yawwa. Haba, sai yanzu."

Sai na ji gudu a matakala. Surukata ta shigo ta finciko wayar na'urar daga bango, tana haki.

"Mama, ana jin ku a ƙasa."

"Wa ke ji na?"

"Kowa, Mama. Tun daga ƙofar da ta rufe."

Na sa takarda a shafin, na gyara ɗankwalina, na sauka. Ban ga amfanin ɓuya a ɗakin jaririya ba.

Na shiga falon. Wata matashiya mai karatun digiri a jami'a ta cusa fuskarta cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Uwar zumunta ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Mama, wane irin littafi ne wannan?"

"Na sarauta ne."

"Mun ji sarauniya. Ɗayar fa, wane ne shi?"

"Ba shi ba ne. Ita ce. Mai riƙe da makullin rumbu."

Wata ta ce, "Yesu ka yi mana jinƙai," a hankali, kamar mai tsoron tada yaro.

Nan surukata ta buɗe mini ƙofar kuɓuta, kuma na san da kyakkyawar niyya ta yi. Ta ce, "Anti, ku yi haƙuri, Mama ba ta daɗe da fara Turanci ba. Kalmomin kawai take furtawa, ba ta san me suke nufi ba. Bangon ne ya ruɗe ta."

Na ga fuskoki sun saki. Kowa ya samu abin da zai riƙe. Tsohuwa ce 'yar ƙauye, ba ta sani ba, a yi dariya a wuce. Da na sunkuyar da kai na yi shiru, da yanzu katina na jakata.

Shekara goma sha biyar na yi ina haƙa wannan karatu da farce. Na karanta a gindin fitilar kwai, na karanta ina suyar ƙuli. An yi mini dariya a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Yanzu a ce in tsaya a gaban mata goma sha biyu in amsa cewa ban san abin da bakina ke faɗa ba.

Na ce, "Na gane sarai. Babu kalmar da ta wuce ni sai ɗaya, ita ma na duba ta a ƙamus."

Matashiyar nan ta kasa riƙe dariya, ta tashi ta shige banɗaki. Wata daga gefe ta ce, "Dama wadda ba ta gane ba ce za ta ce a matsa kusa?" Uwar zumunta ta mai da tabaranta ta ce a rufe da addu'a, kuma sunana ne ya cinye rabin addu'ar.

Kafin ɗana ya dawo daga wankin mota labari ya riga shi shiga gida. Bayan baƙi sun watse ya same ni a kicin ina goge tukunya. Ya ja kujera ya zauna. Ni kuma na juya masa gefe, kamar yadda na saba, ina kallon tagar.

"Mama, kin san ina cikin dattawan coci."

"Na sani."

"Me zan ce wa fasto gobe?"

"Ka ce masa uwarka ta iya karatu."

"Ba wasa nake ba, Mama. A gidana, a gefen gadon 'yata."

"Barci take."

Ya murza goshi. Ya ce shi bai ga laifina ba, laifin wurin ne da ke ajiye irin waɗannan littattafai inda kowa zai ɗauka. Ya ce in ɗan huta da zuwa ajin, na ɗan lokaci, har ƙura ta lafa. Ya ce zai mayar musu da littafin da kansa. Sai ya buɗe hannu a kan tebur.

Ina da amsa, cike da baki. Da ƙaninsa ne, da ya ji ta har ya gode. Amma wannan ban taɓa yi masa musu ido da ido ba tun yana cikin zani, kuma harshena bai san hanyar ba. Na je na ɗauko katin da littafin. Saura babi uku.

Talata ta farko na tsaya a taga na ga motarsa ta fita daga gareji ba ni. Na share gidan da ba shi da datti. Talata ta biyu malamar ajin ta kira wayata, na ga sunanta, na bar ta tana ƙara har ta gaji, don ban san da wane Turancin zan ce mata ɗana ya hana ni ba. Ranar Lahadi a coci kowa ya gaishe ni da wata irin murya mai laushi, irin wadda ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo. A wayar surukata na ga an rubuta a dandalin zumunta, a tuna da Mamanmu cikin addu'a, tana cikin gwaji.

Na san ƙarshen labarin, ba sai an gaya mini ba. Irin littattafan nan ba a mutuwa a cikinsu, ba a korar kowa. Sarki zai yi fushi, ya yi surutu, a ƙarshe a yanka rago a yi rawa. Wannan tabbacin ne ma yake sa in iya karanta su hankali kwance. A cikin makonnin nan da ba ni da abin yi sai tunani, na yi ta tuno wasu mata biyu masu ginin tukwane a garinmu, lokacin ina amarya. Ɗaki ɗaya suke kwana, ba miji, ba 'ya'ya. Wata rana aka wayi gari an farfasa musu tukwane tun daga ƙofa har bakin hanya, kafin mako ya zagayo sun bar garin. An yi musu waƙa a wajen daka, ni ma na amsa, har da tafi. Ban san inda suka ƙare ba. Ban taɓa tambaya ba. Wannan labarin na san ƙarshensa, na gani da idona. Ɗayan nake so in gani, ko da a takarda ne, ko da Turawan da ba su taɓa rayuwa ba ne.

Ranar Litinin, jajibirin Talata ta huɗu, uwar zumunta ta zo da kanta da la'asar, da leda a hannu. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yaba ciyawa. Ta ce ta yi ta tunanina, ta ga bai kamata a raba ni da karatu gaba ɗaya ba, tun da ina so. Ta ciro littafi ta miƙo mini da hannu biyu. Labaran Littafi Mai Tsarki ne na yara, mai kwalin bango mai kauri don kada a yaga, kowane shafi hoto ɗaya da layi biyu. Ga jirgin ruwa, ga raƙumin dawa ya leƙo ta taga.

"Wannan daidai ke ne, Mama. Ba wuya."

Ni kuwa na riga na karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa daga farko har ƙarshe sau biyu, har da sunayen zuriya da kowa ke tsallakewa. Na karɓa, na ce na gode, na miƙa wa jikata da ke zaune a ƙasa. Ta sa shi a baki.

Da muka zauna cin tuwo da yamma, na yi magana ina kallon kwanona.

"Gobe Talata."

"Na sani, Mama."

"An kusa gama zangon ajin."

"Za mu gani. Bari a ɗan ƙara kwana biyu."

Surukata ta ƙara wa yarinya miya. Na gane babu ranar da za a gani. Zango zai ƙare, a ba wata kujerata, shi kuma ya manta cewa ya taɓa cewa na ɗan lokaci.

Washegari na tashi na yi wanka, na ɗaura zanina mai ruwan goro, na sa takalmin fita. Na zuba littafin rubutuna da fensir da ƙamus a jaka. Ƙarfe bakwai da rabi yake fita. Bakwai da kwata na bi ta ƙofar kicin na shiga gareji, na buɗe motarsa, na zauna a kujerar baya, na ja bel na ɗaura, na ɗora jakar a cinyata.

Ya fito da kofin shayi a hannu ɗaya, makulli a ɗaya. Sai da ya zauna ya gyara madubi sannan ya gan ni a ciki.

"Mama, me kike yi a nan?"

Na dubi bayan kujerarsa na ce, "Ko ka sauke ni a laburare, ko mu tafi ofis tare in gaisa da mutanenka. Kati kuma in ba ka zo da shi ba, ka bar shi, na san teburin da ake yin sabo."